Gwangwanin Sulalla a Jidda: Kuskuren Bugu ko Ɓarnar Hannu?

## Asalin gwangwanin

Wannan lamari ya faru ne a wani gida na Hausawan Jidda, irin gidajen da kakanninsu suka zo aikin hajji ta ƙasa, zama ya kama su. Tsohuwar gidan, Hajiya, ta baro ƙasar Kano tana amarya a farkon shekarun 1950, ita da mijinta, suka bi hanyar da kowa ke bi a lokacin: Maiduguri, Farlomi (N'Djamena ta yanzu), Abeshe, Jinaina, har Ubayyid inda ake samun jirgin ƙasa. Sun daɗe a yankin Jazira na Sudan suna cirar auduga kafin kuɗin jirgin ruwa ya haɗu, sannan suka tsallako daga Sawakin. Ta iso da ragowar kwabban Najeriya a ƙulle a bakin zane, ga kuma 'yan canjin Sudan.

A unguwar Sabil ta zauna, tana sayar da waina da tuwo. Riyal a wancan zamani na azurfa ne, mai nauyi a aljihu. Hukumar kuɗi ta Saudiyya, da aka kafa a 1952, ta fara fitar da rasitin alhazai a 1953 don rage wa mahajjata dakon azurfa, takardun kuɗi na sosai kuma suka fito a 1961. Hajiya ba ta taɓa sakin jiki da takarda ba. Duk riyal na azurfa da ya faɗo hannunta, in dai ba yunwa ake ji ba, sai cikin wani gwangwanin man shanu. Daga baya har ƙananan canji ta riƙa zubawa a ciki. Da ta rasu, gwangwanin ya koma ƙasan adakar 'yarta, aka manta da shi.

A ƙarshen 2021 aka fara rushe tsofaffin unguwannin Jidda, Sabil na cikinsu. Kwasar kaya ce ta tono gwangwanin. Wanda ya ɗauki lamarin a kansa jikan Hajiya ne, direba, mai shekara talatin da 'yan kai, da mata da 'ya'ya uku. Sabon gidan da suka samu ana son hayar wata shida a dunƙule, kamar yadda aka saba a nan, kuma ba shi da ita. Da wannan a ransa ya buɗe murfin.

## Sha'aban 1443 (Maris 2022): ƙirga da warewa

Kwandaloli 137 aka ƙirga. Riyal na azurfa 31, masu shekarun Hijira 1354, 1367 da 1370 na Sarki Abdul'aziz, da 1374 na Sarki Sa'ud. Manyan liyari 3 masu hoton Mariya Tareza, sarauniyar Ostiriya, waɗanda Larabawa ke kira riyal faransi. Kwabo da sisin kwabo masu huji na Afirka ta Yamma 40. Ƙirshin Saudiyya da rabinsa na farin ƙarfe 22, kuɗin Sudan masu ɗan aike a kan raƙumi 14, sai halala, ƙaramin canjin Saudiyya, guda 27, yawanci na zamanin Sarki Faisal.

Jikan ya riga ya sha kallon bidiyoyi a waya, na masu ɗaga kwandala gaban kyamara suna cewa in kana da mai kuskuren bugu ka yi arziki. Abin da ya ɗauka daga ciki ƙa'ida ɗaya ce: duk wadda ta bambanta da 'yan'uwanta, daga gidan buga kuɗi ta fito a haka. Da wannan ƙa'ida ya ware 16.

Huɗu riyal ne, biyu da huji kusa da baki, biyu da wani ƙullutun ƙarfe a gefe. Uku sun yi sirara ƙwarai, kwabo ɗaya da na Sudan biyu, ya ce an buga su a kan ƙarfen da bai kai kauri ba. Akwai riyal da ya tsuke, bakinsa ya yi kauri ya taso. Akwai kwabon 1947 da wani zane ya nutse a fuskarsa a juye. Biyu gefensu a gutsure, riyal ɗaya da halala 50 ta 1392. Biyu na da dogon layi a fuska, riyal da ƙirshi. Sai kwabo mai huji a karkace, kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, da liyari guda da ya zaɓa don ya fi sauran kyau, yana lissafin cewa tunda 1780 ke jikinsa ya haura shekara 240.

Riyal 24 lafiyayyu ya ajiye daban. Sauran da bai ga abin sha'awa a jikinsu ba ya zuba a leda, ya kira su tarkace.

## Ramadan 1443 (Afrilu 2022): wanki da talla

Lafiyayyun riyal ɗin sun yi duhu-duhu, launin da azurfa ke yi in ta shekara sittin a rufe. A ganinsa ba mai sayen abu da dauɗa. Bayan tarawihi sai ya zauna da lemun tsami, garin soda da soson waya. Ya goge 19 suka yi fari tas kafin goggonsa, wadda a adakarta gwangwanin ya kwana, ta leƙo.

"Ɗan nan, me kuɗin Inna suka yi maka kake kankare su? Miƙo min sauran."

"Goggo, haske nake so su yi, a saya da daraja."

"Na ji. Miƙo dai."

Biyar ɗin da ta karɓe ta ƙulle a gyale, su kaɗai suka tsira daga soso.

Daga nan ya ɗauki hotunan guda 16 ɗin ya sa su a kasuwa ta waya. Wasu ya sa musu riyal 5,000, liyarin kuwa 20,000. Har aka yi sallah ba wanda ya taya. Ya gwada wata manhaja da ke gane kwandala daga hoto, ta faɗa masa ƙasa da shekara daidai, amma ba ta ce komai ba game da huji ko gutsure. Ana cikin haka wani mutum da bai taɓa gani ba ya aiko masa saƙo, cewa kwabon nan mai juyayyen zane na da tsada sosai, akwai mai saye a ƙasar waje, sai dai ana bukatar takardar shaida, kuɗinta riyal 200. Ya tura. Aka turo masa hoton wata takarda mai tambari, daga ranar lambar ta daina shiga.

## Shawwal 1443 (Mayu 2022): a shagon maƙeri

Goggon ce ta tura shi wajen wani tsohon maƙerin azurfa a Balad, tsohon garin Jidda, shi ma jinin Hausawa, wanda ya san Hajiya. Tsohon ya shimfiɗa ƙyalle, ya jawo sikelinsa mai auna har kashi ɗaya cikin ɗari na giram. Da ya ga gogaggun riyal ɗin sai ya karkata ɗaya a ƙarƙashin fitila, ƙananan ƙwarzane barkatai suka bayyana a duk fuskar.

"Wa ya yi wannan aiki?"

"Ni ne, Baba."

"Garin neman gira ka rasa ido, ɗana. Wannan yanzu azurfa ce kawai, ta awo."

Sabon riyal na 1354 zuwa 1374 nauyinsa giram 11.66 ne, faɗinsa milimita 30.5, azurfarsa kashi 917 cikin dubu, awo ɗaya da rupi na Indiya na wancan zamani. Da wannan ya riƙa gwadawa. Masu huji biyu sun ba da 11.3 da 11.4. Masu ƙullutu sun haura, 11.9 da 12.0, ƙullutun kuma launinsa ya fi na riyal ɗin dushewa, ya rufe haƙoran gefe, ga tabon wuta kewaye da shi. Ya ce wannan aikinsu ne na maƙera: kunne ake liƙa wa riyal a rataya shi a sarƙar mata, in kunnen ya karye sai gindin liƙin ya rage. Shi kansa ya sha liƙawa a ƙuruciyarsa.

Riyal ɗin da ya tsuke nauyinsa 11.6, bai rasa komai ba, amma faɗinsa ya koma 28.5, haƙoran gefensa sun daku sun shafe. Tsohon ya ce zobe wani ya fara yi bai ƙarasa ba. Ana tsayar da riyal a kan ƙarfe, ana ƙwanƙwasa gefen da ƙaramar guduma ko bayan cokali ana juyawa, har bakin ya yi faɗi, sannan a huda tsakiya.

Da aka zo kan masu gutsure, ya auna riyal ya ga 10.7, ya auna halala 50 ya ga 6.2 maimakon 6.5, ya ce duka biyu yanka su aka yi. Sauran na tagulla da farin ƙarfe ko juya su bai yi ba, ya ce ba sana'arsa ba ce. Ya taya azurfar duka da kuɗin awo. Jikan ya so ya sallama, goggo ta ce a dakata, tunda maƙerin da bakinsa ya ambaci wani malami a Makka da ya daɗe yana tara tsofaffin kuɗi. Ba a samu zuwa ba sai da alhazai suka watse.

## Muharram 1444 (Agusta 2022): wajen mai tara kuɗi a Makka

Mutumin haifaffen Makka ne, ya yi ritaya daga koyarwa, yana zaune wajen Rusaifa. Kayan aikinsa sikeli, ma'aunin faɗi irin na makanikai, gilashin ido mai ƙara girma sau 10, da littafin jerin kuɗaɗen ƙasashe. Bai taɓa ko ɗaya daga cikin 16 ɗin ba sai da ya tambayi jikan ko ya san yadda ake buga kwandala. Bai sani ba. Malamin ya ce to daga nan za a fara.

Ana murza ƙarfe ya zama dogon falle mai kauri ɗaya. Inji ya riƙa sarar 'yan faya-fayai daga fallen, kamar yadda mace ke yanka murzajjen ƙullin fulawa da bakin kofi. Wani injin ya matse gefen kowane faifai ya tayar masa da ɗan leɓe. Sannan faifan ya faɗa cikin wata ƙawanyar ƙarfe, hatimi biyu, na sama da na ƙasa, su dake shi lokaci guda da ƙarfin gaske. Ƙarfen ya malala ya cika ramukan hatimi, shi ne rubutu da zane, ya kuma tokari ƙawanya, ita ke ba shi faɗinsa da haƙoran gefe. Kuskuren bugu na gaskiya a ɗayan wurare uku yake faruwa: a jikin faifan kafin a dake shi, a jikin hatimin, ko a lokacin dukan. Duk abin da ya samu kwandala bayan ta fito daga tsakanin hatimi biyu lahani ne. Don haka kowace alama abu ɗaya ake tambayar ta: kafin rubutun ko tare da shi ta zo, ko kuwa tarar da shi ta yi ta hau kansa?

A kan masu gutsure biyu ya fi daɗewa. Ya jera su, ya miƙa wa jikan gilashi. A riyal ɗin, leɓe da haƙora sun taho da cikakken tsayinsu har bakin gutsuren, suka yanke kwatsam. Haruffan wurin an raba su biyu da kaifi, cikin yankan kuma layuka ne a jere, sawun magagari. Wani ya ɗebi azurfa ke nan, kusan giram guda. A halala 50 kuwa gutsuren a lanƙwashe yake, lanƙwasar da ta zauna daidai da gefen wata halala 50 da aka kara a wurin. Leɓen bai yanke ba, dushewa ya riƙa yi a hankali har ya ɓace kafin ya kai giɓin. Haruffan kusa sun yi rauni, sun ɗan miƙe suna nufar giɓin, domin a lokacin duka ƙarfe inda ya ga sarari yake gudu. Sai malamin ya nuna masa leɓen da ke fuskantar giɓin daga ɗaya ɓangaren. Shi ma a kwance yake, bai taso ba. Dalili shi ne injin tayar da leɓe matse faifai yake yi daga ɓangarori biyu. In ɗaya ɓangaren babu ƙarfe, ɗayan ma ba ya samun matsi. Masu tara kuɗi na kiranta alamar Blakesley. Ba kowane gutsure na gaskiya ke nuna ta ba, amma inda ta fito, da wuya mai magagari ya iya ƙirƙiro ta. Abin da ya faru, fallen ƙarfe bai gama matsawa gaba ba inji ya sake sara, ya haɗa da gurbin faifan da ya gabata. Malamin ya ce wannan kuskuren bugu ne na gaske.

Kwabon mai juyayyen zane, wanda aka ci riyal 200 a kansa, bai ɗauki lokaci ba. Akwai kuskure na gaskiya mai kama da shi: kwandala ta maƙale a hatimi, ta daki faifan da ya biyo baya, sai zanenta ya nutse a jikinsa a juye. Amma a irin wannan, zanen da ya nutse na irin kwandalar ne, ɗaya fuskar kuma tana fitowa raɗau. Wannan kwabo bayansa ya baje, zagayensa ya karkace, baƙon zanen kuma a kan rubutun asali ya hau ya murƙushe shi. Da aka sa gilashi, wuyan raƙumi ne da ƙafafunsa. Raƙumin Sudan bai hau kwandala ba sai 1956, shekara 9 bayan an buga kwabon. Wani ne ya ɗora ɗaya kan ɗaya ya sauke guduma, wataƙila yaro a tsakar gida.

Sirara ukun ci ne na gishiri da laima, ko ruwa mai tsami. Faifan da ya fito siriri daga gidan bugu faɗinsa cikakke ne, fatarsa sumul, sai dai zanen ba ya cika saboda ƙarfen bai isa ya shiga ramukan hatimi ba. Waɗannan kuwa sun ragu ta ko'ina, kauri da faɗi, fatarsu ta yi kaushi da ƙananan ramuka, har hujin kwabon ya ƙara buɗewa in an gwada shi da 'yan'uwansa na cikin gwangwani. Shi kuma mai huji a karkace, hujinsa na asali na nan a tsakiya, jan sa aka yi gefe guda, ga tsinin ƙarfe a baya inda ƙusa ta ɓullo. Na gaske zagayayye ne, girmansa ɗaya da na kowa, gurbi kawai yake kaucewa.

Layuka biyun, farce ya raba su. Na riyal, farce faɗawa yake ciki: rami ne, da ɗan tudu gefe da gefe inda ƙarfe ya tattaru. Ƙwarzane ne. Na ƙirshi, farce tuntuɓe yake yi da shi. Layin tasowa ya yi, yana tafe a karkace, ya bi ta kan haruffa bai yanke su ba. Hatimi ne ya tsage, ƙarfe ya shiga tsagar. Shi ma na gidan bugu ne, sai dai tsagaggen hatimi yakan ci gaba da aiki ya buga dubbai, don haka abin da yake ƙara wa farashi kaɗan ne.

Ragowar biyun ba lahani a jikinsu, ba kuma kuskure. Edward na Takwas ya hau gadon Ingila a Janairun 1936 ya sauka a Disamba, ba a kai ga sakin kuɗi masu hotonsa a can ba. Kwabon Afirka ta Yamma kuwa ba ya ɗaukar hoto saboda huji, suna kawai, don haka aka buga miliyoyi da sunansa, har yau ba su da wuyar samu. Ɗaya daga cikin kurakuran da aka sani a wannan jerin shi ne kwabon 1956 da aka buga da hatimin Sarki George na Shida, wanda ya mutu tun 1952. An duba 40 ɗin, babu shi. Liyari kuma, tun mutuwar Mariya Tareza a 1780 ake ta buga shi da wannan shekarar ba a canzawa, a Viyana, Landan, Bombay, Paris, Roma da wasu wurare. Na gwangwanin ya ba da giram 28.0, kusa da 28.07 da aka sani. Azurfa ce ta gaske, kashi 833 cikin dubu, amma bugun baya ne.

## Ledar tarkace

"Akwai saura?"

"Sai tarkace, Ustaz, suna cikin mota."

"Shigo da su, ɗana."

A ciki ya tsinci ƙirshi biyu na 1356, kowanne da ɗan zagayen tambari da aka daka a fuskarsa, bayan wurin ya baje. Jikan ya ɗauka wani ne ya gwada ƙusa a kai. Cikin zagayen lamba ce ta Larabci, ٦٥, sittin da biyar. A 1365, wato 1946, gwamnati ta sa aka daka wannan lamba a kan ƙirshi da rabinsa da rubu'insa, don karya 'yan canjin da suka mamaye ƙananan kuɗi. Bayan bugu aka yi shi, amma hukuma ce ta yi, shi ya sa masu tara kuɗi ke lissafa shi a matsayin nau'i na daban. Ana yin na jabu. Na gaske lambobin tasowa suke yi a cikin zagayen, waɗanda lambobinsu suka nutse kuwa ana ɗaukar su aikin baya-bayan nan. Na gwangwanin a tashe suke, sun goge daidai da gogewar sauran fuskar, baƙin tsufan da ya shiga haruffa ya shiga cikinsu.

Ya kuma fito da wata halala 25 ta 1392 wadda ko ƙwarzane babu a jikinta. A bugun farko na wannan kwandala an rubuta "khamsatun wa ishruna halala", alhali nahawu "khamsun" yake so, daga baya aka gyara hatimin. Kuskure ne na gaske, na mai sassaƙa hatimi, kuma ido ba ya kama shi sai an karanta. An buga ta da yawa, ba ta da tsada.

## Safar 1444 (Satumba 2022): inda aka kwana

Daga 16 da aka ware, 12 lahani ne, 2 kuskuren bugu, 2 lafiyayyu na gama-gari. Daga tarkace an samu 3 masu abin dubawa.

Gogaggun riyal 19 da masu lahani 3 an sayar wa maƙerin da kuɗin awo. Biyar ɗin da goggo ta ƙulle wani mai tarawa ya saya, kowanne kusan ninki biyu na abin da aka biya a gogagge. Halala 50 mai gutsure ta tafi a riyal 150, ƙirshi biyu masu tambari suka bi ta. Duka abin da ya shigo bai kai riyal 1,200 ba, hayar gida da rancen wani abokin aiki aka cika ta. Goggo ta riƙe liyari uku da riyal huɗu masu huji da liƙi. Da aka mayar mata ta ce ai ta san su, a sarƙar da Hajiya ke sawa ranar sallah suke, ita ce ma ta tsinka ta tana yarinya.

## Hukunci

Ƙa'idar da jikan ya fara da ita ce ta ɓatar da shi. Kwandalar da ta shekara saba'in tana yawo, daga bakin zane zuwa sarƙa zuwa hannun yara, hanyoyin da za ta bambanta da 'yan'uwanta ba su ƙirguwa, alhali kurakuran inji ƙididdigaggu ne. Da ya fara zaton lahani, ya ƙi yarda da kuskure sai an nuna masa matakin bugun da ya haifar da shi, da bai tura wa kowa ko halala ba. Ban ga laifinsa ba da ya sa rai. Mai neman hayar wata shida duk abin da ya gani zai so ya zama mafita. Laifin da nake gani na masu bidiyon nan ne, da ke nuna farashi ba sa nuna ko sau ɗaya yadda hatimi ke dukan ƙarfe. Su suka share wa mai takardar bogi hanya.

Maƙerin ya yi daidai a duk abin da hannu ya yi, domin hannunsa ya yi irinsa, ya kuma kuskure a wuri guda da inji ya yi. Sikeli ya tabbatar da azurfa, ya tona liƙi, ya ce masu gutsure biyu sun ragu, sai dai ba shi da bakin faɗin lokacin da suka ragu. Abin da ya raba su gilashi ne, da sanin tsarin bugu, da kara kowace kwandala da 'yar'uwarta, abin da gwangwanin kansa ya wadata da shi tun ranar farko. Kuma da an zauna da goggo kafin a ɗauki hoto, da huɗu daga cikin 16 sun fita daga lissafi a zama ɗaya.

Hasarar da ta fi ci min rai ita ce ta wankin. Riyal 200 na takardar bogi ana iya nemo wasu. Riyal 19 ɗin nan kuwa Hajiya ta ɓoye su tun ba su sha hannu ba, rubutunsu a tsaye, kuma duhun da ke kansu shi masu tarawa ke nema, don shi ne shaidar ba a taɓa su ba. Soson waya ya ɗauke shi tare da fatar azurfar, ba kuma maƙerin da zai iya mayarwa. In aka bi farashin da biyar ɗin goggo suka samu, abin da wankin ya cinye ya ninka kuɗin takardar bogin sau biyu har da ɗoriya.